Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Sabon Shiga a Haukan Ruwan Zambezi



Sharhinmu na yau zai kai mu kudancin Afirka, kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, inda kogin Zambezi yake zubowa daga saman dutse ya faɗa rami mai zurfin mita 108. Faɗin wurin da ruwan yake zubowa ya haura mita 1,700. Mutanen yankin suna kiransa Mosi-oa-Tunya, shi kuma Baturen nan David Livingstone da ya isa wurin a 1855 sai ya laƙaba masa sunan sarauniyar Ingila, Victoria. Mafi yawan baƙi a sama suke tsayawa, su ɗauki hoto, feshin ruwa ya jiƙa su, su koma masauki. Mu kuwa ƙasa za mu gangara, cikin kwazazzabon Batoka, inda duk wannan ruwa yake matsuwa wuri guda, ya kutsa tsakanin baƙaƙen duwatsu yana tafasa yana kumfa.

A watannin da ruwa ya ja baya, kusan daga Agusta zuwa Disamba, kowace safiya za ka ga ayarin mutane suna gangarawa cikin wannan kwazazzabo, kowa da hular kwano a ka da filafili a hannu. Akwai malamin makaranta, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai ango da amarya. Da yawansu ba su taɓa tuƙa ko da kwalekwalen fito ba. Za a zuba su shida ko takwas cikin jirgin roba da aka hura da iska, a haɗa su da jagora guda, kafin la'asar sun ratsa wurare fiye da ashirin da ruwa yake hauka, irin wuraren da zan riƙa kira gargadar ruwa. Tafiyar yini ɗaya ce, kuɗinta ya haura dala 100 ga kowane mutum.

To, yaya aka yi mutumin da jiya bai san yadda ake riƙe filafili ba, yau ya shiga ɗaya daga cikin koguna mafi ƙarfi da ake wannan wasa a duniya, ya kuma fito ya ci abincin dare? Ni dai a ganina jarumtarsa ce abu mafi ƙanƙanta a lissafin. Abin da ya fito da shi sanin wani ne da ya ara, da kuma biyayyar da ya yi wa mai sanin.

A 1981 ne wani kamfanin Amurka mai suna Sobek ya fara saukar da jiragen roba a ƙasan wannan mazubar ruwa. Daga nan sana'ar ta kafu a garin Livingstone na Zambiya da garin Victoria Falls na Zimbabuwe. Da farko baƙi ne suke jagoranci, yau kuwa 'yan ƙasa ne mafi yawa, wasunsu ma daga dakon kayan jirgi suka faro.

Masu wannan harka suna da ma'aunin da suke auna ruwa da shi, daga mataki na 1 zuwa na 6. Na 1 ruwa ne mai tafiya a hankali. Na 2 da na 3 akwai igiyar ruwa da 'yan duwatsun da za a kauce wa, a nan ne iyali da yara manya suke jin daɗinsu. Na 4 sai da gwaninta. Na 5 shi ne ƙarshen abin da ake yarda a ɗauki fasinja a kai. Na 6 kuwa ba a shigarsa da baƙo ko kaɗan. Zambezi tana da na 5 da dama. Abin da ya sa ake iya kai sabon shiga cikinta shi ne yadda Allah ya tsara kogin: bayan kowace gargada akwai wuri mai zurfi da ruwa yake lafawa, inda za a tsinci wanda ya faɗa, a miƙe jirgin da ya kife, kowa ya mayar da numfashi. Ruwan kuma ba mai sanyin daskarar da jiki ba ne, ga zurfi, saboda haka ba kasafai mutum yake karo da dutse ba kamar a ƙananan kogunan kan tsaunuka.

Yanzu bari mu zo kan abin da na fi so mai sauraro ya riƙe, wato bayanin da ake yi a bakin ruwa kafin a tashi. Sau da yawa a nan baƙo yake sakaci. Hankalinsa yana kan hoto, ko zuciyarsa tana bugawa har ba ya jin abin da ake faɗa. Alhali kuwa wannan ɗan lokaci shi ne tafiyar gaba ɗaya.

Ana farawa da rigar kariya. Jagora zai ɗaure maka ita, ya ja maɗauranta har ka ji numfashi yana yi maka wuya, sannan ya kama kafaɗunta ya ɗaga sama. In ta zame ta taɓo kunnuwanka, sai an sake ɗauri. Kada ka sassauta ta bayan ya juya baya. Dalili biyu ne. Farin ruwan nan mai kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaukar jikin mutum kamar ruwan tafki, don haka ko gwanin ninƙaya ne sai ya yi ƙasa in babu abin da zai taso da shi. Na biyu, kafaɗun rigar nan su ne abin da za a kama a jawo ka cikin jirgi. Rigar da ta yi sako-sako za ta fita ta bar mai ita a ruwa.

Sai filafili. A ƙarshensa na sama akwai mariƙi mai tauri, kuma doka ita ce tafin hannunka kada ya rabu da shi. Raunuka da yawa a wannan wasa ba dutse ne yake jawo su ba, mariƙin filafilin maƙwabci ne da ya saki, ya daki wani a baki ko a ido.

Umarnin da jagora zai bayar bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: a tuƙa gaba, a tuƙa baya, a tsaya, a durƙusa cikin jirgi a riƙe igiya, a koma gefe guda. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar bi. Idan ruwa ya bugi jirgi ya fara ɗaga gefe ɗaya, jiki yana gaya wa mutum ya guji bangon ruwan da yake tasowa. Jagora kuwa zai yi tsawa kowa ya faɗa kan gefen da yake ɗagawa, domin nauyinku ne zai danne shi. Wanda ya tsaya shawara da zuciyarsa a wannan daƙiƙa, shi zai kifar da 'yan'uwansa. Haka ma tuƙi. Sabon shiga in ya ga igiyar ruwa ta fi tsayinsa sai ya daina tuƙi ya runtse ido, alhali jirgin da ba shi da gudu shi ruwa yake juyawa yadda ya ga dama, kuma filafilin da yake cikin ruwa shi ne abin dogarawar da zai hana ka faɗawa.

To idan an faɗa fa? Domin a Zambezi faɗawa ba abin mamaki ba ce, jagora na gaskiya zai gaya maka haka tun a tudu. Gargada ta 18, mai igiyoyi uku a jere, ta yi suna wajen kifar da jirage. Idan ka taso kusa da jirgi, ka kama igiyar da ta kewaye shi. Idan ka taso a ƙarƙashinsa, kada ka yi ta laluben ko'ina, ka zaɓi gefe guda ka bi da hannu har ka fito. Idan ruwa ya yi nisa da kai, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama. Ka ja numfashi a kwarin da yake tsakanin igiya da igiya, ka rufe baki in ta gaba ta iso. Abu ɗaya kuma da ake nanatawa a kowane kogi na duniya: kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye cikin ruwa mai gudu. Ƙafa takan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya tunkuɗa mutum ya kifa da fuska, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba.

Ba kai kaɗai ba ne a ruwan. Akwai samari cikin ƙananan kwalekwale na mutum ɗaya da suke riga jirgi wucewa, su jira a ƙasan gargada. Aikinsu ke nan, su iso gare ka ka kama mariƙin kwalekwalen su ja ka. Akwai kuma igiyar ceto da ake jefowa cikin 'yar jaka. Igiyar za ka kama, ba jakar ba, kuma kada ka naɗa ta a hannu ko a wuya. Daƙiƙun da mutum yake yi a ƙarƙashin ruwa kaɗan ne, amma a zuciyarsa suna da tsawo ƙwarai, kuma wanda aka riga aka gaya wa haka ya fi samun natsuwar jira rigarsa ta taso da shi.

Jama'a, duk wannan rabon fasinja ne. Rabon jagora ya fi haka nesa. Shi yana zaune a bayan jirgi yana karanta ruwa. Inda kai kake ganin fari fat ko'ina, shi yana ganin harshen ruwa mai santsi da yake nuna ƙofar shiga. Yana ganin inda ruwa ya haye dutse ya faɗo yana komawa baya, ramin da kan riƙe jirgi ya yi ta juya shi. Yana ganin lungun bayan dutse inda ruwa yake lafawa, inda za a fake a jira na baya. Kuma kogin ba ya zama iri ɗaya. Ruwan saman da ya sauka a Angola da arewa maso yammacin Zambiya yana ɗaukar watanni kafin ya ratsa fadamar Barotse ya iso nan, shi ya sa kogin yake cika maƙil wajen Afrilu da Mayu, lokacin da damina take ƙarewa. Hanyar da aka bi lafiya a Satumba tana iya zama tarko a Janairu. In ruwa ya ƙaru sai a daina shiga gargadun farko, a faro daga tsakiya. In ya kai maƙura sai a rufe harkar gaba ɗaya har ya sauka. Wannan sani ba a samunsa a wata guda. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a cikin Batoka ɗan garin shi ne wanda ya shekara yana kallon dutse ɗaya yana nutsewa yana fitowa.

Wurin da jagoran Zambezi ya fi burge ni shi ne gargada ta 9. A nan ba a tambayar ra'ayin kowa. Jirgi zai raɓa gefe, kowa ya sauka, a taka da ƙafa a kan duwatsu a kewaye ta, a sake hawa a ƙasa. Baƙon da ya biya kuɗinsa yana iya cewa shi fa ya zo ne don irin wannan, amsar dai ɗaya ce. Mutumin da zai iya kallon mai kuɗi ya ce masa a'a, shi ya cancanci ka damƙa masa ranka a sauran wuraren.

Saboda haka mai niyyar zuwa, ko Zambezi ko wani kogi, ya yi tambaya kafin ya biya. Jagoran nan wa ya horar da shi, yana da takardar shaida? Akwai ƙungiyar duniya ta masu wannan wasa da aka kafa a 1997, tana jarraba jagorori tana ba su shaida gwargwadon matakin ruwan da za su iya. Jirage nawa za su tafi tare? Jirgi ɗaya tilo ba shi da mai cetonsa. Masu kwalekwalen ceto nawa ne? In wani ya karye a ƙasan kwazazzabo, ta yaya za a fito da shi? Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Ka dubi rigunan da idonka, ka ga ko maɗauransu sun tsinke.

Kai ma akwai gaskiyar da za ka faɗa. Mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai ciwon baya, mace mai juna biyu, duk su haƙura. Mafi yawan kamfanonin Zambezi ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba. Wanda bai iya ruwa ba kuwa, ko da an ce masa riga ta isa, shawarata ya fara da mataki na 2 ko na 3 a wani wuri, ya san yadda jikinsa yake yi in ruwa ya rufe masa fuska. Akwai kuma jirgin da jagora yake tuƙawa shi kaɗai da dogayen filafilai biyu, fasinja riƙe igiya kawai ne aikinsa. Ba abin kunya ba ne a zaɓe shi. Ga namu mutanen, batun sutura yana da muhimmanci. Babbar riga da zani da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, suna kuma maƙalewa. Riga mai dogon hannu da wando da ɗan hijabin da ya kama kai a ƙarƙashin hular kwano sun suturta jiki ba tare da sun zama haɗari ba. Takalmi mai maɗauri, ba silifa ba. A yi maganar abinci da lokacin sallar azahar tun daren da ya gabaci tafiyar, domin akan tsaya hutu a hanya.

Na san akwai mai sauraron da tun ɗazu yake cewa a ransa: wannan ai jefa kai ne cikin halaka. Ban raina wannan magana ba. Haɗarin gaskiya ne, an taɓa rasa rayuka a wannan wasa, kuma takardar da ake sa baƙo ya sa wa hannu kafin ya hau tana faɗin haka ƙarara. Amma ina roƙon mu dubi namu ruwan. A Mayun 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawan gaske a kusa da Wara ta jihar Kebbi. A Nuwamban wannan shekarar aka yi na Bagwai a jihar Kano, inda mafi yawan waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan bayin Allah ba wasa suka je ba, kuma ba gargada mai mataki na 5 suka shiga ba. Abubuwan da ake ta ambata bayan irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsofaffin jirage, da rashin rigar kariya. A Batoka ana shiga ruwan da ya fi namu hauka nesa ba kusa ba, jirgi ya kife, a ƙirga mutane a same su cif, saboda an ƙayyade yawan masu hawa, kowa yana da riga, an yi bayani, akwai mai jiran ceto. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mashigin Yawuri ko na Lokoja. Sarkawanmu ba su gaza jagororin Zambezi sanin ruwa ba. Abin da matuƙinmu ya rasa shi ne ikon cewa jirgi ya cika, da hukumar da za ta tsaya masa in ya faɗa, da fasinjan da zai karɓi riga ba tare da ya ɗauka an zarge shi da raunin tawakkali ba.

Mu koma kwazazzabo, domin tafiyar ba ta ƙarewa a gargadar ƙarshe. A mafi yawan wuraren fita sai an hau tudu da ƙafa, hawa mai tsayi a cikin zafin rana, kuma mutane da yawa sun ce ya fi ruwan wahala. A kan wannan hanya baƙo zai ga samarin ƙauyukan yankin suna wuce shi, ɗauke da jirgin da aka sace wa iska aka naɗe, da famfo, da filafilai, da tukwanen abincin da ya ci. Su ne suka saukar da kayan da asuba. Ba sa fitowa a bidiyon da ake sayar wa baƙi da yamma. Wanda zai yi ihsani ga jagora, ya tambaya ko rabon waɗannan yana ciki, in ya samu hali ya miƙa musu hannu da hannu.

Sana'ar tasu kuma tana cikin zullumi. Shekaru da dama ke nan Zambiya da Zimbabuwe suna shirin gina madatsar ruwa a cikin kwazazzabon Batoka, wadda aka tsara za ta ba da megawat 2,400 su raba. Idan aka gina ta, ruwa zai taru ya koma baya ya shanye da yawa daga cikin gargadun nan. An ga irin haka a Yuganda. A garin Jinja, inda kogin Nilu yake fita daga tafkin Victoria, an fara wannan harka a 1996; madatsar Bujagali da aka gama a 2012 ta haɗiye gargadun farko, ta Isimba a 2019 ta ƙara cin wasu, masu jirage suka yi ta matsawa suna neman abin da ya rage. Mu ma mun san wannan labari. Gargadar Bussa a kogin Kwara, inda Mungo Park ya hallaka a 1806, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, mutanen garin kuma aka mayar da su sabuwar Bussa.

Ba zan tsaya a nan in ce kada a gina ba. A 2024 fari ya sa ruwan madatsar Kariba ya ja baya, mutanen Zambiya suka riƙa kwana suna yini babu wuta, kuma mu da muka san zaman duhu ba za mu yi wa wani fatansa ba. Abin da nake cewa shi ne, in an zo lissafin riba da hasara, a sa jagora da ɗan dako da mai kwalekwalen ceto da matar da take dafa wa baƙi abinci a cikin lissafin, a kira su a ji ta bakinsu tun kafin a zuba kankare, a kuma faɗa musu a fili abin da za su koma yi.